Katin Lafiyar Dattawan Amurka: Dalilin da Ya Sa Aka Sauya Lambar Mutum Miliyan 60

Tsakanin watan Afrilun 2018 da farkon 2019, gwamnatin Amurka ta aika wa mutum sama da miliyan 60 sabon katin inshorar lafiya ta gidan waya. Katin na Medicare ne, shirin da ke ɗauke wa 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu masu nakasa nauyin kuɗin asibiti. Ba a ƙara wa kowa ko sisi a kan abin da inshorar ke biya ba, ba a kuma rage masa ba. Babban abin da aka taɓa shi ne jerin lambobin da ke tsakiyar katin: an cire tsohuwar lamba, an sa sabuwa mai gurbi 11. A kan wannan 'yar sauyawa Majalisar Dokoki ta ware dala miliyan 320, asibitoci da shagunan magani kuma suka shafe shekaru suna gyara kwamfutocinsu. Har yanzu akwai masu ganin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, tunda damfarar da ake yi da sunan dattawa ba ta tsaya ba. Su ma suna da hujja, amma sun auna aikin da ma'aunin da ba nasa ba. Ba a taɓa ƙera lambar da ɓarawo ba zai iya sacewa ba. Abin da aka samu shi ne lambar da idan an sace ta ɓarnar ba ta wuce gona ɗaya, kuma ana iya jefar da ita a ba mutum wata. Wannan shi ne amfanin aikin, kuma ya fi ƙarfin a raina shi.

Sai an san tsohuwar lambar kafin a gane girman matsalar. A 1936 Amurka ta fara bai wa ma'aikata lamba mai gurbi tara, wadda aka fi sani da SSN, don hukumar fansho ta riƙa lissafin albashin kowa da abin da za a biya shi idan ya tsufa. Aikinta ke nan, babu ƙari. Daga 1946 zuwa 1972 ma an riƙa buga gargaɗi a jikin katinta cewa ba katin shaida ba ne. Mutanen wancan zamani ba su ɗauke ta a matsayin sirri ba, kuma akwai labarin da ke nuna haka ƙarara. A 1938 wani kamfanin ɗinka walat ya sa samfurin katin a cikin kowane walat don mai saye ya ga yadda zai zauna daram, sai mataimakin shugaban kamfanin ya buga ainihin lambar sakatariyarsa a kai. Aka sayar da walat ɗin a shagunan Woolworth a faɗin ƙasar. Masu saye suka ɗauka tasu ce aka haɗo musu. A 1943 kaɗai mutum 5,755 ne ke aiki da lambar matar nan, kuma hukumar fansho ta ƙidaya sama da mutum 40,000 da suka taɓa kiranta tasu. A ƙarshe dole aka soke lambar aka ba ta wata. A lokacin abin ya fi kama da abin dariya, domin lambar ba ta buɗe asusun kowa. Daga baya ne hukumar haraji ta ɗauke ta, sojoji suka ɗauka, bankuna da masu ba da bashi da jami'o'i suka bi sahu, har ta zama ita ce tambayar da ake yi wa mutum a waya don tabbatar da cewa shi ne.

Lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare ranar 30 ga Yulin 1965, ya miƙa katin farko ga tsohon shugaba Harry Truman, hukumar fanshon ce ke rajistar masu cin gajiyar shirin, don haka ba ta wahalar da kanta wajen ƙirƙiro wata lamba ba. Ta ɗauki SSN ta liƙa mata harafi ɗaya ko biyu a ƙarshe. Harafin A na nufin ma'aikacin da ya biya gudummawa da kansa, B matar da ke cin gajiya ta hannun mijinta, D kuma wadda mijinta ya rasu. Ma'ana, tsohuwar da ta zo ganin likita tana iya riƙe da katin da ke ɗauke da lambar mijinta, har da shaidar cewa ya mutu. A nan aka haɗa abubuwa biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Lambar gida ana rubuta ta ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa don kowa ya gani, makullin gida kuwa a aljihu ake ɓoye shi, to Amurka ta mai da abu ɗaya ya zama lambar ƙofa kuma makulli. Hukumar fansho na gargaɗin jama'a kada su yi yawo da katin SSN, alhali katin Medicare mai ɗauke da wannan lambar an rubuta a bayansa cewa mai shi ya riƙa tafiya da shi idan zai bar gida. Dattijo ya miƙa shi ga ma'aikaciyar da ke ba da kati a asibiti, ta ɗauki hotonsa ta sa a fayil. Ya nuna shi a ɗakin gwajin jini, a shagon magani, a wurin mai gashin ƙashi. Kowane hannu da katin ya ratsa ya riƙe abin da, idan aka haɗa shi da suna da ranar haihuwa, za a iya karɓar bashi da shi, a buɗe katin banki, ko a karɓe rarar harajin da ake mayar wa mutum.

Ba wai ba a san haɗarin ba. Kamfanonin inshora masu zaman kansu sun cire lambar daga katunansu tun da wuri, galibi saboda dokokin jihohi sun tilasta musu. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta cire ta daga fuskar katinta, ma'aikatar tsaro ta fara cire ta daga katin shaidar sojoji a 2011. Babban mai binciken hukumar fansho ya nemi a yi wa Medicare haka tun 2008. Hukumar da ke gudanar da shirin, CMS, ta riƙa jan ƙafa da hujjar tsada da sarƙaƙiyar na'urori, har a 2011 ta ƙiyasta cewa aikin zai ci tsakanin dala miliyan 803 da 845. A shekarar da ta biyo baya ofishin binciken kuɗi na Majalisa, GAO, ya duba lissafin ya ce ba abin dogaro ba ne. 'Yan majalisa biyu daga jihar Texas, Sam Johnson na jam'iyyar Republican da Lloyd Doggett na Democrat, sun daɗe suna tura ƙudurin, amma sai da aka cusa shi cikin wata babbar dokar biyan likitoci, wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Afrilun 2015, sannan ya zama wajibi, aka ba hukumar wa'adin shekara huɗu. Abin lura shi ne kuɗin da Majalisa ta ware bai kai rabin ƙiyasin 2011 ba, kuma hukumar ta gama rabon katin kafin wa'adi ya cika. Gaskiya ne asibitoci da gwamnatocin jihohi sun kashe nasu kuɗin daban, amma dai tsadar da aka yi shekara da shekaru ana fakewa da ita ba ta hana aikin yiwuwa ba da zarar doka ta ce a yi.

Yadda aka tsara sabuwar lambar, wadda ake kira MBI, ya nuna an yi tunani a kan kurakuran baya. Gurabenta 11 ne, haɗin lambobi da manyan haruffa, kuma kwamfuta ce ke zaɓo su ba tare da wani tsari da ya danganci mai katin ba. Babu shekarar haihuwa a ciki, babu jiha, babu alamar aure ko takaba. Wannan ba ƙawa ba ce: a 2009 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna cewa ana iya hasashen SSN ta mutane da dama daga ranar haihuwarsu da jihar da aka haife su kawai, domin a lokacin a jere ake rabon lambobin, sai daga 2011 ita ma aka koma ba da ita ba a jere ba. An kuma fitar da haruffa shida, S da L da O da I da B da Z, domin ido mai rauni ko ma'aikaci mai sauri na iya ɗaukar O a matsayin sifili, I ko L a matsayin 1, S a matsayin 5, B a matsayin 8, Z a matsayin 2. Miji da mata kowa ya samu tasa. An cire jinsi da wurin sa hannu daga fuskar katin. An raba shi kashi-kashi bisa jihohi, aka bar asibitoci su karɓi tsohuwa ko sabuwa har ƙarshen Disambar 2019, sannan daga 1 ga Janairun 2020 takardar neman biya da ba ta ɗauke da sabuwar lamba ta zama abin mayarwa, in ban da wasu 'yan keɓantattun lamura. Wannan rata ta wata 21 ita ta hana dattijon da katinsa ya ɓace a hanya a kore shi daga bakin asibiti.

Ƙorafi mafi nauyi da ake yi shi ne cewa ihu ne bayan hari. A 2015 an yi wa kamfanin inshorar Anthem kutse aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 79. A wannan shekarar aka gano an sace bayanan mutum miliyan 21.5 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 2017 kamfanin Equifax, mai ajiye tarihin bashin jama'a, ya yi asarar bayanan mutum kusan miliyan 147. To me ya rage a ɓoye, in ji masu wannan ra'ayi, tunda lambobin na yawo a kasuwar ɓarayin intanet? Amsar ita ce ɓarayi ba iri ɗaya ba ne. Gungun masu kutse da ke can wata ƙasa ba sa buƙatar katin kowa. Amma dattijo ya fi fuskantar ɓarawon kusa: wanda ya tsinci walat ɗinsa, mai aikin gidan da ke shiga ɗakinsa, ma'aikacin asibiti mai kwaɗayi, wani lokaci ma ɗan uwa na jini. Waɗannan ba su da hanyar sayen bayanai a ɓoyayyun shafuka, kati suke gani su kwafa. Cire lambar ya toshe musu hanya kai tsaye. Bayan haka, kowane ƙaramin ofishin likita da a da yake tara SSN ta ɗaruruwan marasa lafiya don kawai ya aika takardar neman biya, yanzu yana iya yin aikinsa ba tare da ita ba. Yawan wuraren da ake ajiye abu shi ne yawan ƙofofin sace shi. Kuma kowace rana dubban Amurkawa ne ke cika shekara 65 suna shiga shirin. Jinkirin da aka yi wa iyayensu ba hujja ba ce ta a ci gaba da buga tasu lambar.

Ƙorafi na biyu ya fi ɗaci, domin sauyin da kansa ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Tun kafin katunan su iso aka fara kiran tsofaffi a waya: wani ya ce daga ofishin Medicare yake, sai an biya kuɗi kafin a aiko da sabon kati, wani ya ce a karanto masa tsohuwar lamba don ya tabbatar, wani ya yi tallan katin roba mai guntun na'ura a jiki, alhali katin gwamnati na takarda ne kuma kyauta. Hukumomi sun yi ta nanata cewa ba a biyan ko sisi, kuma Medicare ba ta kiran mutum haka kawai ta nemi lambarsa. An cuci mutane a wannan tsakani, babu mai musun haka. Sai dai a duba abin da macutan ke farauta a yawancin kiran: tsohuwar lambar ce, ko ta asusun banki. Wato ƙimar da tsohon tsari ya ba lambar ita ce ta sa ake kiran. Duk lokacin da gwamnati ta sanar da sabon abu, ko tallafi ne ko rigakafi, 'yan sojan gona na fitowa da rigar jami'ai. Darasin shi ne wayar da kai ta riga kati isa gida, da harshen da tsoho zai gane, ta bakin mutanen da ya yarda da su. Wanda ya ce a bar haɗari na dindindin don gudun ruɗanin shekara ɗaya bai yi lissafi daidai ba.

Ƙorafi na uku shi ne sabuwar lambar ma ana sace ta, kuma gaskiya ne. A nan ne ma aka ga amfanin aikin a fili. A 2023 masu kutse sun yi amfani da wata kafa a manhajar tura fayil ta MOVEit suka shiga rumbun kamfanonin da ke yi wa Medicare kwangila. A Yulin 2023 aka sanar da mutum kusan 612,000 cewa bayanansu da ke hannun kamfanin Maximus sun fita, a Satumban 2024 kuma aka sanar da wasu kusan 947,000 ta ɓangaren wani ɗan kwangilar a jihar Wisconsin. A 2025 hukumar ta gano an buɗe wa mutum kusan 103,000 asusun bogi a shafinta na intanet. A duk waɗannan lokuta, waɗanda lambar katinsu ta shiga hannun ɓarayi an yi musu alkawarin sabon kati da sabuwar lamba. Kafin 2018 wannan ba mai yiwuwa ba ne, domin sauya lambar Medicare na nufin sauya SSN, ita kuwa hukumar fansho ba ta sauya ta sai a lamura ƙalilan, bayan mutum ya kawo hujjar cewa cutarwar ta ƙi ƙarewa. Ko an sauya masa, tarihin bashinsa da harajinsa da fanshonsa duk a tsohuwar suke rataye. Kutsen nan sun nuna bambancin a cikin fayil ɗaya: a inda aka sace lambobin biyu tare, ta katin lafiya an kashe ta an ba da wata, SSN kuwa abin da aka iya yi wa mai ita shi ne a biya masa kuɗin sa ido a kan tarihin bashinsa na wani lokaci.

Akwai iyakar da ya wajaba a faɗa, domin masu yabon shirin ma kan wuce gona da iri. Sauya lamba na kare mai kati daga a ci bashi da sunansa, amma ba ya kare baitulmali daga takardun bogi. A Afrilun 2019, ana tsakiyar sauyin, hukumomin shari'a suka bankaɗo damfarar sama da dala biliyan 1.2 ta ɗamarar gwiwa da ta baya da ba a buƙata, inda ake jan hankalin tsofaffi da tallan kayan kyauta har su ba da lambarsu da bakinsu. A Yunin 2025 Ma'aikatar Shari'a ta sanar da wata da ta ninka wannan: wani gungu na ƙasa da ƙasa ya sayi kamfanonin kayan asibiti, ya yi amfani da bayanan Amurkawa sama da miliyan ɗaya da aka sace, ya aika takardun neman biyan dala biliyan 10.6, akasari na robar fitsari da ba wanda ya nema. Abin da ya hana yawancin kuɗin fita daga asusun Medicare shi ne bin diddigin takardun da dakatar da biya, ba siffar lambar ba. Mai katin ma ba ya tsira gaba ɗaya: idan an rubuta cewa an riga an ba shi keken guragu, ranar da ya buƙace shi da gaske sai a ce ya karɓa. Saboda haka ake roƙon dattawa su riƙa karanta takardar bayanin da Medicare ke aiko musu, su kai ƙara idan sun ga aikin da ba a yi musu ba. Cuta biyu ce, kowace da maganinta, kuma rashin warkar da ta biyu ba ya soke warakar da aka samu a ta farko.

Saura masu cewa lamba ɗaya ga kowane ɗan ƙasa ta fi sauƙin mulki, tana hana rajista sau biyu da sunayen bogi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma Amurka ba ta yi watsi da ita ba: a cikin rumbun gwamnati har gobe kowace MBI na haɗe da SSN ta mai ita. Abin da aka raba shi ne abin da hukuma ke riƙewa a ciki da abin da ake miƙa wa jama'a a waje. Wasu ƙasashe sun iso wannan matsaya ta hanyarsu. Koriya ta Kudu, bayan manyan kutse da hukuncin kotun tsarin mulki na 2015, ta fara barin waɗanda aka cuta su sauya lambar zama ɗan ƙasa daga 2017. Indiya ta fito da lambar wucin gadi mai gurbi 16 a 2018 don a daina miƙa ainihin lambar shaida ta Aadhaar. Hukumar NIMC ta Najeriya ita ma ta ƙaddamar da irin wannan a 2022, lamba mai gurbi 16 da ke mutuwa bayan awa 72. Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, domin lambar ɗan ƙasa ta NIN ta riga ta rataya da layin waya, asusun banki, fasfo da rajistar jarrabawar JAMB, ga kuma dokar NHIA ta 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ghana ma tana haɗa inshorar lafiyarta da katin ɗan ƙasa. Ƙasar da ke gina tsarinta yanzu tana da damar da Amurka ba ta samu ba, ta raba lambobin tun daga tushe maimakon ta biya kuɗin raba su bayan shekara hamsin.

Don haka ma'aunin da ya dace a ɗora wa kowane katin lafiya na gwamnati tambayoyi uku ne, kuma ɗan majalisa ko ɗan jarida na iya yi wa shugaban kowace hukuma su a zama ɗaya. Idan aka kwafi lambar da ke jikin katin nan yau, ban da asibiti, ina da ina za ta buɗe? Idan mai ita ya kawo ƙara, kwana nawa za a ɗauka kafin a kashe ta a ba shi wata, kuma nawa zai biya? Wa ke duba takardun neman biya kafin kuɗi su fita? Tsohon katin Medicare ya faɗi tambaya ta farko da ta biyu tsawon shekara 53. Sabon ya ci su, ta uku kuma har yanzu ana fafatawa da ita a kotuna da ofisoshin bincike. Hukumar da ta kasa amsa biyun farko ba ta da hujjar buga kati ko ɗaya, komai kyawunsa, domin mai ɗaukar hasarar ba ita ba ce, mara lafiyan da aka tilasta wa nuna katin ne.